Alƙalan Benci: Tarihin Sharhin 'Yan Kallo a Dutsin-Ma da Kurfi

A garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, wasan kwaikwayo ba ya ƙarewa a daren da aka nuna shi. Sai gari ya waye ake zaman shari'arsa. A teburin mai shayi na tashar Dutsin-Ma, a rumfar teloli a Kurfi, a ofishin malaman firamare kafin a kaɗa ƙararrawa, a tsakar gida wajen tankaɗe da tsintar shinkafa, nan ake kiran 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya a yanke masu hukunci, su ba su ma sani ba. Alƙalan ba su yi karatun fim ba, ba su kuma damu da sunan wanda ya rubuta labari ba. Hukuncinsu gajere ne. "Na jiya ya yi ma'ana." "Kai, shirme ne." "Sun fara ja mana rai." In kuwa dattijo ya tsoma baki, da wuya ya tashi bai ce wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Ana ɗaukar irin wannan magana hirar rage lokaci kafin shayi ya huce. Amma ita ce sharhin da ya fi daɗewa a ƙasar nan, kuma ta girmi akwatin talabijin nesa ba kusa ba.

Tun kafin wani allo ya zo, mutanen yankin suna da wasanninsu, suna kuma da bakin yi masu hukunci. Da azumi ya kai kwana goma, yara da samari kan fita tashe gida-gida, suna kwaikwayon tsoho mai gemun auduga, da maigida marowaci, da miji da mata masu faɗa kan cefane. Matan gida ba sa jira a gama. Ana cikin wasa suke gyara wa yaro tafiyar tsufa, suna gaya mashi wane ne a unguwa ya yi kama da wanda yake kwaikwaya. Wanda ya iya a auno mashi hatsi, wanda bai iya ba a sallame shi da addu'a. A kasuwa ga 'yan kama da rawani da allo, suna juya wa'azi ya koma zancen tuwo da fura. Bayan kaka kuma ga kalankuwa, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu su yi ta kwaikwayon fada. Daga nan mai kallo ya taso da ɗabi'u biyu da har yau bai bari ba: yana magana ana cikin wasa, kuma yana neman ya gane wa ake nufi.

Majigi ne ya fara kawo wasan da ba ya jin maganar mai kallo. A zamanin Turawa, da kuma zamanin gwamnatin Jihar Arewa, motocin ma'aikatar yaɗa labarai kan zagaya hedikwatocin gundumomi, irin su Dutsin-Ma ta Yandakan Katsina da Kurfi ta Maraɗin Katsina, da injin wuta da farin ƙyalle. A kafa a fili bayan sallar isha, mai sharhi ya riƙe lasifika yana bayyana wa jama'a abin da suke gani. Finafinan na koyarwa ne: tsabta, allurar rigakafi, yaƙi da jahilci, noman zamani. Wanda ya fi zama a bakin tsofaffi shi ne Baban Larai, na harkar noma. Tsarin labarin kusan kullum ɗaya ne, wani ya bi shawarar malamin gona ya samu, wani ya yi taurin kai ya wahala. Brian Larkin, masanin da ya yi bincike a Kano, ya yi dogon bayani kan majigi a littafinsa na 2008, ya nuna yadda hukuma ta mai da shi makaranta a fili. To a wannan makarantar aka ƙara cusa wa mai kallo ma'aunin da yake riƙe da shi har gobe, wato tambayar me wasan ya koyar. Sai dai ko a lokacin, ba mai bin shawara ne yara ke kwaikwayo da safe ba. Mai taurin kan suke kwaikwayo, don shi ne ya ba su dariya.

Rediyo ya biyo baya. Tun ƙarshen shekarun 1950 ake jin wasannin Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda suka zama littattafan Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sai wasan kwaikwayo ya samu gida na dindindin, da shirye-shirye irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Rediyo mai batir ya shiga inda wuta ba ta je ba, har rugar Fulani. Ta wannan kafa ce mai saurare ya fara jin sunansa a iska, ta katin Zaɓi Sonka da ake jefawa a gidan waya. Amma gaisuwa ce kawai ke tafiya Kaduna. Suka da yabo na gaskiya suna nan a gindin bishiya.

Talabijin kuwa ta daɗe tana hanya. Tashar Kaduna ta 1962 ta 'yan birni ce. Sai a tsakiyar shekarun 1970, da aka buɗe tashoshi a Kano da Sakkwato, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, aka kuma haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977, sannan akwatin ya fara shiga gidajen malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma da manyan 'yan kasuwa a garuruwa masu girman Dutsin-Ma. Baƙi da fari ce, mai ƙofar katako da ake rufewa, a lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Garin da ke nesa da tasha sai an ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe ko gora. In hoto ya fara yayyafi, a tura yaro waje ya riƙa juyawa, na ciki suna ihu: "Ya yi! A'a, koma baya! Tsaya nan!" Inda babu wuta, batirin mota ake jonawa, a kai shi caji gari ranar kasuwa.

Gidan da ke da talabijin ya zama na unguwa. Ana fito da ita zaure ko tsakar gida, yara a ƙasa kan tabarma bayan an duba ƙafafunsu, samari a tsaye ta baya, mata daga bakin ƙofa, maigida a kujerarsa. Sharhi ma bin wannan tsari yake yi. Yaro na iya dariya, amma ba ya yanke hukunci. Sai Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Ka ji mutumin banza," sannan kowa ya san matsayin ɗan wasan a gidan nan. Wanda ya cika surutu a kore shi, ya koma leƙe ta taga, gobe kuma shi ne zai fi kowa ba da labari a makaranta.

Mutanen da suka cika allon a wancan zamani har yau ba a daina kiran sunansu ba. Akwai Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, Banufe ɗan gidan sarautar Pategi, wanda ya yi aikin soja na gaske kafin ya mai da bariki abin dariya. Hausarsa a cakuɗe da Turancin bariki, ga tsawa, ga gashin baki, ga kurari wanda ƙarshensa shi ke jin kunya. Wasan ya zo daidai lokacin da kusan kowane gari ke da tsohon soja da ya dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da irin wannan Hausa da irin wannan tafiya. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Akwai Ƙasimu Yero, Bazazzagi, a Karambana, mutumin da ba a yin magana bai sa baki ba. Shi ne kuma Uncle Gaga a Cockcrow at Dawn, ya kuma fito a Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta mayar wasan talabijin daga littafin Abubakar Imam. Daga Jos ga Karkuzu na Bodara, daga Sakkwato ga Golobo. Katsinawa kuma suna da nasu, marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, wasan da aka buga a 1979 aka kuma mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. Shi in ya fito, kafin a duba ko wasan ya yi kyau an riga an ce namu ne.

Babu jaridar da ke bin waɗannan wasanni mako-mako da sharhi, babu lambar waya, babu wanda ya zo ƙirga masu kallo a Kurfi. Hanyar da jama'a suka bi suka nuna abin da ya shige su ita ce laƙabi. Hedimasta mai zafi ya zama Samanja. Maƙwabci mai shisshigi ya zama Karambana. Sunan kan bi mutum har tsufa, wani ma jikokinsa ba su san daga akwati aka ɗauko shi ba. Wasan da ya bar laƙabi a gari ya ci jarrabawa, wanda bai bari ba ko sunansa ba a tunawa. Da wuya a samu ma'auni da ya fi wannan gaskiya, don ba wanda ke laƙaba suna saboda kara.

Wasan da ya fi dacewa da halin 'yan kallo shi ne Kuliya Manta Sabo na Kano, wanda ake yi a zauren shari'a. Kafin alƙalin cikin akwati ya buɗe baki, na kan tabarma sun gama tasu shari'ar. A rabu biyu, wasu na bayan mai ƙara, wasu na bayan wanda ake ƙara, a kawo misali da rigimar gonar su wane da gadon gidan su wane. In hukunci ya zo daidai da na Alhaji, ya ce ai dama ya faɗa. In ya saɓa, ya ce alƙalin yau bai yi bincike ba.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi sai tsohuwar magana ta taso, cewa wasan da ne wasa, na yanzu rawa ce da soyayya. Akwai gaskiya a ciki, don mutanen nan sun san Hausa, sun kuma iya gina dariya a kan hali ba a kan zagi ba. Amma masu faɗar haka suna mantawa cewa tasha ɗaya ce ko biyu, ana buɗewa da yamma a rufe kafin tsakar dare, kuma wasan Hausa sau ɗaya ko biyu yake zuwa a mako. Abin da aka jira kwana bakwai, ko yaya ya zo, da daɗinsa.

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, daga baya ta samu gidan talabijin nata. Sai dai kafin tashar jiha ta gama kafuwa, wani abu ya riga ya taso daga Kano wanda zai sauya kallon gaba ɗaya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo. Cikin shekara goma, shagunan hayar kaset sun bazu har ƙananan garuruwa, bidiyo da talabijin sun shiga lissafin kayan ɗakin amarya, ƙaramin janareta ya zama abin da ake tara kuɗi a saya.

Babban abin da kaset ya yi shi ne ɗauke kallo daga zaure ya kai shi ɗaka. Matar da ke kulle, wadda ba ta taɓa shiga silima ba, yanzu ita ke aiken yaro ya karɓo mata fim, ita ke kallo da rana maigida na kasuwa. Kujerar alƙalanci ta bar hannun Alhaji. A gidan biki da gidan suna ake baje Sangaya da Wasila, a tattauna kishiya da uwar miji da auren dole kamar a dangi abin ya faru. Mata ba sa tsayawa kan ko hoto ya fito da kyau. Tambayarsu ita ce, da ke ce, za ki zauna? Masu shirya fim sun gane su wa ke sayen kayansu, suka karkata can, har maza suka fara ƙorafin cewa fim ɗin Hausa ya zama na mata.

A watan Maris na 1999 mujallar Fim ta fito, ta Ibrahim Sheme, shi ma ɗan Jihar Katsina. Shafukanta na wasiƙu suna cikin wuraren farko da maganar benci ta shiga ɗab'i a kai a kai. Ɗalibi ko tela ko matar aure, daga kowane gari, na iya ɗaukar biro ya gaya wa jarumi cewa shigar da ya yi ba ta dace ba, ko ya tambayi jaruma yaushe za ta yi aure. Ƙorafin da ya fi yawa a wancan zamani shi ne rawa da waƙa irin ta Indiya. Malamai sun yi wa'azi a kai, iyaye sun yi faɗa, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Masu shirya fim kuwa amsarsu ɗaya ce, sun maimaita ta har ta gundure su: fim ɗin da babu waƙa kwantai yake yi a kasuwa. Wato bakin da ke tsinewa da hannun da ke miƙa kuɗin haya, sau da yawa na mutum ɗaya ne.

Rabilu Musa Ibro ya fi kowa shan wannan hali. Ɗan Ɗanlasan ne a Jihar Kano, tsohon ma'aikacin gidan yari, wanda ya mai da baƙauye mai wayon banza sana'a. 'Yan boko suka ce camama ce, dattawa suka ce shirme ne, a 2008 har gidan yari aka kai shi a rikicinsa da hukumar tace finafinai ta Kano. Amma a ƙauyukan Karofi da Wurma da Birchi da makamantansu, fim ɗin Ibro kamar kwaɗon zogale ne a gidan biki, ba a sa shi a lissafin girki amma shi ke fara ƙarewa. Mutanen karkara sun ga ana yi masu dariya a ciki, sun kuma ga cewa a ƙarshe baƙauyen ne ke wasa da hankalin ɗan birni. Da ya rasu a watan Disamba na 2014, waɗanda suka yi shekaru suna cewa ba sa kallon shirme su ne suka fi kowa iya kawo sunayen finafinansa.

A shekarar ce kuma aka buɗe Arewa24, tashar tauraron ɗan'adam mai magana da Hausa dare da rana, wadda ƙungiyar Equal Access ta kafa da tallafin gwamnatin Amurka. Ba ta buƙatar dogon ƙarfe, faranti da dikoda sun isa, ga sola ta fara araha. Daɗin Kowa, wanda ya fara a 2015 ya kuma ci kyautar AMVCA a Legas a 2016, ya maido da abin da kaset ya kashe, wato jiran mako da kallon abu ɗaya a dare ɗaya. Garin da ke cikin shirin ƙirƙirarre ne, amma duk wanda ya zauna a Dutsin-Ma ya san shi: ga mai shayi, ga makaho mai bara, ga almajirai, ga 'yan ƙwaya, ga baƙi 'yan Kudu, ga waɗanda rikici ya koro. Laƙabi ya dawo. An samu Kamaye da Adama a unguwanni da dama, an samu Ɗantani a bakin tasha. 'Yan wasan kansu, a hirarrakin da ake yi da su a shirye-shirye irin su Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, sukan ba da labarin yadda sunan wasa ya danne na yanka, da yadda ake tare wanda ya fito a mugu a hanya a yi mashi nasiha.

Kwana Casa'in, da ya zo a 2019, ya ba maza abin da suka daɗe ba su samu ba, wato wasan da za a yi gardamar siyasa a kansa ba a ji kunya ba. Jihar Alfawa babu ita a taswira, Gwamna Bawa Maikaɗa kuma Sani Mu'azu ne, amma ba a taɓa rasa wanda zai rantse ya san gwamnan da ake nufi ba. Abin dariyar shi ne kowa na jam'iyyar da ba tasa ba yake hangowa. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi kuwa, da attajirin tsoho da 'ya'yansa masu jiran gado, an yi ta ce mashi hauka, ana kuma kallo har a ƙare.

Sai annobar korona. A watan Afrilu na 2020 gwamnatin jiha ta rufe Dutsin-Ma bayan an samu mai cutar, kasuwar fim ta faifai kuma dama tana gargara. Cikin wannan zaman gida finafinai masu dogon zango suka kama ƙasa. Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan Bakori, ya fito a YouTube, ya sa sunan jarumin shirin, Umar Hashim, a bakin yara. Labarina na Aminu Saira ya raba gidaje, wasu na son Sumayya ta auri Mahmud, wasu Presido, wasu Lukman, kowa kuma ya haɗu a kan tsine wa Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka kawo Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya, an yi makonni ana musu. Wasu suka ce sun daina kallo. Mako na zagayowa sai ga su da sabon ƙorafi kan abin da ya faru a kashin da suka ce ba za su kalla ba.

Dutsin-Ma tana da wani abu da ya bambanta ta da maƙwabtanta a nan. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, wadda ta kawo ɗalibai daga sassan ƙasar nan. Su sun kalli na Koriya da na Turkiyya da na Indiya, sun zo da wani irin ma'auni. Ba su cika tambayar me aka koyar ba. Su za su ce labari ya yi rami, wanda aka harba a kafaɗar dama ya dawo da bandeji a ta hagu, fassarar Turancin da ke ƙasan allo ta ba da kunya, an kwashe minti goma ana tallar fili da maganin gargajiya a tsakiyar shiri. A teburin shayi ɗaya sai ka ji ma'aunan biyu suna karo. Ɗalibi na cewa marubucin ya rasa inda zai kai labarin, dattijo na ce mashi, "Kai yaro, bar wannan, ka dai ga sakayyar da Allah ya yi wa marainiyar nan." Kowannensu ya tashi yana ganin ɗayan bai iya kallo ba.

Yanzu masu shirya fim suna jin masu kallo, har ma fiye da kima. Ana sakin kashi da dare, kafin asuba an cika masu waya da yabo da zagi, kuma ga alƙaluman YouTube suna nuna masu inda aka tsaya da inda aka tsallake. Hayaniyar jama'a tana da ƙarfin da ba ta taɓa samu ba. Ita ce, tare da wa'azin malamai, ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta Jihar Kano a 2016. A watan Mayu na 2025 kuma, da hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba kafin a saki, gardamar ta kai har rumfunan Katsina, inda hukumar ba ta da iko amma hukuncinta ke taɓa abin da za a kalla.

Sai dai ba kowa ake ji ba. Mafi yawan masu kallo a karkarar Dutsin-Ma da Kurfi ba su da kuɗin data na kallon awa guda a intanet. Wurin masu tura fim suke zuwa, samarin da ke zaune da kwamfuta a rumfar cajin waya, su sauke kashi sau ɗaya su tura wa mutum ɗari a memori kan 'yan canji. Daga wayar miji ya koma ta mata, daga nan ya zaga gida biyar. Duk waɗannan idanu, a lissafin YouTube mutum ɗaya ne. Ba sa rubuta komai a ƙarƙashin bidiyo, mai talla bai san da su ba.

An ga girman wannan rata a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. Sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido da layukan. A tsakanin nan, mai faranti ya ci gaba da ganin Arewa24, don tauraron ɗan'adam ba ruwansa da turken waya. Mai bin shirin YouTube kuwa sai dai ya jira wanda ya shiga Katsina ya dawo. Mutane masu ɗimbin yawa suka ɓace daga intanet wata da watanni, shirye-shiryen suka ci gaba da fita a ranakunsu, ba abin da ya sauya a labarinsu. Matsalar tsaron ta kuma rage taron kallo na dare a ƙauyuka da yawa, inda hasken allo da ƙarar janareta suka zama abin tsoro.

Wannan ne ya sa yawancin masu dogon zango na yau suka koma gidajen bene, kamfanonin gado da motoci masu baƙin gilashi. Ana rubuta su ne don wanda ake iya ƙirgawa. Manomin da ke noman rani a bakin madatsar Zobe, da matar da ta baro ƙauyensu da 'ya'ya ta zauna a kangon wani a cikin gari, da ɗalibin da iyayensa ke fargabar hanyar makaranta, duk suna kallo, amma da wuya su ga kansu. Samanja da Ibro da Daɗin Kowa na farko ba su yi wannan kuskure ba, shi ya sa suka bar laƙabi. Cikin shirye-shiryen benaye, kaɗan ne suka ba wani suna a Kurfi.

Mai kallo ma yana da nasa laifin. Har yanzu in an tambaye shi a bainar jama'a zai ce faɗakarwa yake so, in ya kaɗaita da wayarsa kuma ya nemi kishi da soyayya da wanda zai sa shi dariya. Marubucin da ya ɗauki maganarsa ta farko kawai zai yi wa'azin da ba mai kallo, wanda ya bi ta biyu kawai zai sha tsinuwa. Gwanayen da aka ambata a sama sun san yadda ake haɗa biyun, kuma ba a waya suka koya ba, a cikin mutane suka zauna.

Don haka masu rubuta labari a Kano da Kaduna, in suna son jin hukuncin da ba a rubuta masu a ƙarƙashin bidiyo, su shigo motar Dutsin-Ma ranar kasuwa, su nemi benci kusa da rumfar masu tura fim, su zauna daga hantsi zuwa la'asar, kada su faɗi ko su wane ne.